Katunan 'Yan Wasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarawa, Saye da Sayarwa

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar katunan 'yan wasa suka fi yawan yi, tun daga wanda bai taɓa riƙe kati a hannunsa ba har zuwa wanda yake tunanin zuba jari a harkar.

Mene ne katin ɗan wasa, kuma daga ina al'adar tara shi ta samo asali?

Ɗan ƙaramin kwali ne mai ɗauke da hoton ɗan wasa a gaba, a bayansa kuma akwai sunansa da ƙungiyarsa da lissafin abin da ya yi a filin wasa. Girmansa da aka saba da shi inci 2.5 ne a faɗi da inci 3.5 a tsawo, kuma kamfanin Topps ne ya tsayar da wannan awo a shekarar 1957.

Al'adar ta faro ne a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kamfanonin taba suke cusa ɗan kwali a cikin fakitin sigari domin kada karan ya lanƙwashe, sannan suka ga cewa idan aka buga hoton ɗan wasan besbol a kan kwalin, mai saye zai dawo neman wani. Daga baya masu cingam suka karɓe harkar, yara suka zama manyan masu saye. Jerin katuna 407 da Topps ya fitar a 1952 shi ne mutane da yawa suke ɗauka a matsayin mafarin katin zamani. A Turai kuwa abin ya bi wata hanya dabam, domin 'yan'uwan gidan Panini na birnin Modena a Italiya sun kafa kamfaninsu a 1961, suka shahara da sitikar 'yan ƙwallon ƙafa da ake liƙawa a albam.

Ta yaya ɗan kwali zai kai miliyoyin daloli?

Abu uku ne suke haɗuwa: ƙarancin katin, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Idan ɗaya ya ɓace, farashi ya faɗi.

Misalin da aka fi bugawa shi ne katin Honus Wagner, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh, wanda ya fito a jerin da ake kira T206, da kamfanin taba na American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. An dakatar da buga nasa katin da wuri. Wasu sun ce bai yarda a yi amfani da hotonsa wajen jawo yara zuwa taba ba, wasu kuma sun ce batun kuɗi ne ya raba su da kamfanin. Ko ma wanne ne, 'yan gomomi kaɗan ne suka rage a duniya, kuma an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a 2022.

A watan Agusta na wannan shekarar ta 2022 aka yi gwanjon katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na Topps na 1952, mai lamba 311, a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar da shi ya saye shi ne a 1991 a kan dala dubu 50. Wannan katin ba shi da ƙaranci irin na Wagner, amma yana cikin kashin ƙarshe na jerin shekarar, wanda ya fito bayan hankalin yara ya bar besbol, ciniki ya yi kwantai, har jami'in kamfanin Sy Berger ya ba da labarin cewa daga baya an loda ragowar a jirgin ruwa aka zubar a teku. Abin da ya ɗaga wannan guda ɗayan sama da 'yan'uwansa shi ne ya shafe shekara saba'in kusurwoyinsa ba su dakushe ba. A watan Agusta na 2025 wani kati mai sa hannun 'yan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan da Kobe Bryant tare, wanda shi kaɗai ne irinsa, ya zarce wannan farashi da kaɗan, ya kai kusan dala miliyan 12.9.

Ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa cewa waɗannan su ne ƙololuwar kasuwar. Mafi yawan katunan da ake bugawa ba su kai kuɗin aika su ta gidan waya ba.

Me ake nufi da katin fitowar farko, kuma me ya sa aka fi rububinsa?

Shi ne katin da wani babban kamfani ya fara buga wa ɗan wasa a farkon shigarsa babbar gasa. 'Yan kasuwar suna kiransa ruki, kuma katunan zamani da yawa suna ɗauke da haruffan RC a kusurwa domin a gane su. Ana rububinsa ne saboda ɗan wasa yana iya samun katuna dubbai a rayuwarsa, amma shekarar farko guda ɗaya ce tak.

Sai dai ba kullum ake samun daidaito kan wane ne na farkon ba. Jordan ya shiga gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, a 1984, amma katinsa na kamfanin Fleer na kakar 1986-87, mai lamba 57, shi ne kasuwa ta amince da shi. A cikin wannan jerin mai katuna 132 akwai kuma katin farko na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda shi aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na shekarar da aka zaɓi Jordan na uku. A kan katin an rubuta sunansa Akeem, domin sai a 1991 ya ƙara harafin H. Shi ma Mantle, katinsa na farko na kamfanin Bowman ne na 1951, amma na 1952 ya fi shi tsada.

Ina da tsofaffin katuna na shekarun 1980 da 1990. Shin tsufansu ya sa sun yi daraja?

A mafi yawan lokuta a'a. Daga kusan 1987 zuwa 1994 kamfanoni sun buga katuna babu ƙaƙƙautawa, saboda jama'a sun ji labarin tsadar tsofaffin katuna, kowa ya shiga saye yana ɓoyewa. Abin da kowa ya ɓoye kuwa ba ya zama abin nema. Har yau akwai kwalaye na wancan zamani da ba a buɗe ba, ana sayar da su da araha. Katunan shekarun 1950 sun yi tsada ne domin yaran lokacin sun yi wasa da su, sun lalata, iyaye sun zubar da saura.

Mece ce tantancewa, kuma dole ne a yi ta?

Tantancewa ita ce a aika kati zuwa wani kamfani mai zaman kansa ya duba ko na asali ne, ya auna lafiyarsa, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan ya rufe shi a cikin gidan roba mai tauri wanda ba ya buɗuwa sai an fasa, da lambar rajista a kai. Kamfanonin da aka fi sani su ne PSA, wanda ya fara aiki a 1991, da SGC, da Beckett.

Abubuwa huɗu ake dubawa. Na farko zaman hoton a tsakiya, wato ko farin gefen hagu ya yi daidai da na dama, na sama da na ƙasa. Sai kusurwoyi huɗu, ko suna da tsini ko sun fara dakushewa. Sai gefuna, ko launi ya fara ɓarewa har farin kwalin ya leƙo. Sai fuskar katin, ko akwai ƙarzuwa ko tabo ko layin da injin bugawa ya bari. Mutum yana iya gwada wannan a gida kafin ya kashe kuɗi: ya wanke hannu ya bushe, ya riƙe katin ta gefuna a ƙarƙashin fitila mai haske, ya riƙa karkata shi a hankali. Ƙarzuwar da ba ta bayyana idan an kalli katin kai tsaye takan fito fili da zarar haske ya kwanta a kansa ta gefe, kamar zaren gizo-gizo. Sau da yawa katin da aka ciro daga fakiti yanzun nan ma ba ya samun 10, domin daga masana'anta aka yanka shi a karkace.

Tazarar da ke tsakanin maki 9 da 10 ba a cika ganinta da ido ba, amma a farashi tana iya zama ninki biyu ko uku, wani lokaci fiye da haka nesa. Duk da haka tantancewa ba dole ba ce. Ana biyan kuɗin aiki kan kowane kati, ga kuɗin aikawa da dawowa da inshora, ga jira na makonni ko watanni. A ƙarshen watan Maris na 2021 PSA ya dakatar da karɓar yawancin katuna saboda aikin da ya taru masa. A ganina, bai dace a tantance kati ba sai idan ko da maki 9 ya samu farashinsa zai biya duk abin da aka kashe.

Yaya ake gane jabu da katin da aka yi wa gyara?

Jabu iri biyu ne: wanda aka sake bugawa gaba ɗaya, da na asali wanda aka taɓa. Na farko ya fi sauƙin kamawa. Idan aka sa madubin ƙara girma a kan rubutu da baƙaƙen layuka na katin asali, za a ga tawada a dunƙule, a jabu kuwa sau da yawa sai a ga ɗige-ɗige, domin hoton katin aka ɗauka aka buga. Kaurin kwalin da launin bayansa su ma suna tona asiri idan aka ajiye shi kusa da wani kati mai araha daga jeri ɗaya. Katin Jordan na 1986 yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu.

Na biyun ya fi haɗari. Ana aske gefen kati da wuƙa mai kaifi domin kusurwa ta dawo da tsini, ana shafa tawada a inda launi ya ɓare, ana danne lanƙwasa. Ko ƙwararru sukan faɗa wannan rami. Kati na farko da PSA ya tantance shi ne wani katin Wagner wanda shahararren ɗan wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky da mai ƙungiyarsa Bruce McNall suka saya a 1991 a kan dala dubu 451, aka ba shi maki 8. A 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya aske gefen katin, ya kuma amsa laifin sa mutane suna taya kaya na ƙarya domin farashi ya hau, daga baya aka yanke masa ɗaurin wata 20.

Gidan robar ma ana yi masa jabu. Saboda haka a shigar da lambar rajistar a shafin kamfanin da ya tantance, a tabbatar sunan ɗan wasa da shekara da maki sun dace, idan akwai hoto kuma a kwatanta. Sa hannun da ba kamfanin katin ne ya shaida shi ba, kuma babu wani amintaccen mai tantancewa da ya duba shi, a ɗauke shi kamar babu.

Ni ƙwallon ƙafa nake so. Akwai kasuwarta?

Akwai, kuma ta girma ƙwarai a 'yan shekarun nan. Panini ya fitar da albam ɗinsa na farko na gasar cin kofin duniya a 1970, lokacin gasar Meziko, kuma bai fasa ba tun daga nan. Albam ɗin Katar na 2022 yana da gurabe 670, kowane fakiti kuma sitika 5, wato fakiti 134 ke nan idan ba a taɓa samun maimaici ba, abin da ba ya faruwa. Shi ya sa musaya ta zama ruhin wannan al'ada: a ƙasashe irin su Brazil da Ajantina mutane sukan taru a dandali, kowa da damin maimaicinsa da takardar lambobin da suka rage masa.

Akwai bambanci tsakanin sitika da kati. Sitikar da aka riga aka liƙa ta zama ta albam, darajarta a kasuwa tana cikin wadda ba a ɓare bayanta ba. A ɓangaren katuna, na Pelé da wani kamfanin Suwidin mai suna Alifabolaget ya buga a 1958 ya kai dala miliyan 1.33 a 2022, shi ne katin ƙwallon ƙafa na farko da ya haura miliyan. Katunan farko da aka fi nema na wannan zamani su ne na Lionel Messi a jerin Mega Cracks na Panini na 2004-05 da na Cristiano Ronaldo a rigar Sporting na 2002-03. Topps ne yake da lasisin gasar zakarun Turai, kuma ya karɓi na gasar Firimiya ta Ingila daga kakar 2025-26 bayan shekarun da Panini ya yi yana riƙe da shi.

Wanda yake son ya tara abin da ya shafi gida yana da faɗin fili, tunda Najeriya ta buga gasar duniya a 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Sitikar Ahmed Musa ta 2018, shekarar da ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, ba ta da tsada, kuma a wurina haɗa tawagogin waɗannan shekaru shida aiki ne da ya fi bin katin da kowa yake bi armashi.

Wanne ya fi: sayen rufaffen fakiti ko sayen katin da mutum yake so kai tsaye?

Idan lissafin kuɗi ake yi, sayen katin kai tsaye ya fi, kuma ba ƙaramin fifiko ba. Kamfanonin zamani suna ƙirƙirar ƙaranci da gangan. Kati ɗaya sai a buga shi da launuka iri-iri, a buga wa wasu lamba kamar 07/99, wato na bakwai cikin 99, har zuwa 1/1. Wasu suna da sa hannu, wasu an liƙa musu ƙyallen riga. Begen samun ɗaya daga cikin waɗannan shi ne yake sayar da kwalin, alhali abin da yake cikin yawancin kwalaye bai kai kuɗin da aka biya ba.

Akwai kuma wani salo da ya yaɗu a intanet, inda mutum ɗaya yake buɗe kwali kai tsaye a bidiyo bayan jama'a sun biya kuɗin gurbi, a raba ƙungiyoyi ta hanyar ƙuri'a, kowa ya ɗauki katunan ƙungiyar da ta faɗo masa. Wani ya tashi da abin da ya ninka kuɗinsa sau ɗari, da yawa su tashi hannu rabbana. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma kamanninsa da caca a bayyane yake, har a Amurka ma ana muhawara a kansa. Musulmin da yake son shiga harkar ya dace ya kai wa malaminsa tambaya kan cinikin abin da ba a san me ke cikinsa ba. Sayen katin da aka gani, aka duba, aka yi ciniki a kansa, ba shi da wannan duhun.

Game da ƙyallen riga kuma, a karanta rubutun bayan katin da kyau, domin wani an sa rigar a ainihin wasa, wani ɗan wasan ya ɗan zura ta ne a wurin ɗaukar hoto, wani ma ba a danganta ƙyallen da kowane wasa ba.

Yaya ake sanin farashin kati na gaskiya?

Da abin da aka biya, ba abin da aka nema ba. Kowa yana iya sa wa katinsa dala dubu. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, kuma manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Goldin suna barin sakamakon gwanjonsu a buɗe. A nemi ciniki uku zuwa biyar na kwanan nan, na kati iri ɗaya, launi ɗaya, maki ɗaya, daga kamfanin tantancewa ɗaya. Idan guda ɗaya ya yi wa sauran fintinkau ba tare da dalili ba, a ajiye shi gefe.

Yaya ake adana katuna?

Kowane kati mai ɗan daraja a fara zura shi a siririyar leda mai laushi, sannan a sa shi a gidan roba mai ƙarfi, a jera su a tsaye cikin akwati. Kada a ɗaure su da roba mai talewa, kada a bar su inda rana take duka, domin launi yana dusashewa kuma sa hannu yana gogewa. Wanda yake zaune a ƙasashenmu yana da ƙarin abokan gaba: danshin damina yana sa kwali ya kumbura ya lanƙwashe, ƙurar hunturu tana shiga leda ta ƙarje fuskar kati, gara kuma ba ta barin takarda. Na taɓa barin wani ƙaramin dami a aljihun tebur da ke jingine da bango tsawon damina guda, da na buɗe sai na tarar masu ƙyalƙyalin sun manne da juna, kuma wajen raba su fuskar guda uku ta ɗaye. Akwatin roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango, ya isa ya hana wannan.

Za a iya mayar da harkar sana'a?

Ana iya yi, kuma akwai masu ci da iyalinsu da ita: masu shaguna, masu baje koli a taruka irin babban taron masu tarawa da ake yi duk shekara a Amurka tun 1980, da masu sayen katunan da ba a tantance ba su kai a tantance su sayar. Amma ribarsu daga sanin kaya take fitowa da iya saye da araha, kuma sukan yi shekaru kafin idonsu ya buɗe.

Kasuwar tana hawa tana sauka. A lokacin kullen korona mutane sun zauna a gida da kuɗi a hannu, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A farkon 2021 an sayar da katin Jordan na 1986 mai maki 10 a kan dala dubu 738, kuma cikin shekara biyu farashin irinsa ya sauko ƙasa da rabin haka. Wani katin ɗan wasan ƙwallon kwando Luka Doncic da aka saya dala miliyan 4.6 a 2021 an sake sayar da shi a 2022 a kan dala miliyan 3.12. Katin matashin ɗan wasa ya fi kowanne haɗari, domin rauni ɗaya a gwiwa yana iya kwashe darajarsa a dare guda. Kati ba ya haihuwa kamar dabba, ba ya kawo haya kamar gida, ribarsa kawai ita ce a sami wanda zai biya fiye da abin da aka biya. Don haka ba na ba kowa shawarar ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin cefane ko na makaranta saboda shi.

Idan na tashi sayarwa, me zan yi la'akari da shi?

La'ada da farko. A eBay takan kai kusan kashi 13 cikin 100, gidajen gwanjo kuma suna ɗora nasu kason a kan mai saye, wanda a ƙarshe yake rage abin da mai kaya zai samu. Mai shago zai biya nan take, amma ƙasa da farashin kasuwa, tunda shi ma riba yake nema. A ɗauki hoton gaba da baya a haske mai kyau, a faɗi duk wani aibi, a sa katin tsakanin kwali biyu, a aika ta hanyar da ake iya bin sawun kaya. Mai saye ko sayarwa daga Najeriya ko Nijar ya lissafa kuɗin jigila da na kwastan da canjin kuɗi tun kafin ya taya, ya kuma san cewa masu sayarwa da yawa ba sa aikowa nan kai tsaye, sai ta hannun ɗan'uwa ko kamfanin da yake karɓar kaya a can ya haɗa ya turo.

Da me mafari zai fara?

Ya zaɓi iyaka ƙarama: ɗan wasa ɗaya, ko ƙungiya ɗaya, ko gasar shekara ɗaya. Ya ware kuɗin da zai iya kashewa a wata ba tare da gida ya ji a jika ba. Kafin ya sayi komai, ya yi makonni yana duba cinikin da aka kammala har farashi ya zauna masa a kai. Sannan ya sayi katuna biyar ko goma masu araha daga jerin da yake so, tare da ledoji da gidajen roba da ɗan madubin ƙara girma, ya zauna a ƙarƙashin fitila ya ba kowanne maki da kansa, ya rubuta a littafi ranar da ya saya da abin da ya biya.